Sarki, Malami da Alƙalami: Wasu Fitattun Mutanen Ƙasar Sin da Gadon da Suka Bari



Idan Bahaushe yana so ya kwatanta wuri mai nisan gaske, sai ya ce Birnin Sin. To, a yau wannan nisa ya ragu ƙwarai. Wayar da ke aljihun yawancinmu, da babur ɗin da ya kawo wasunmu wannan zaure, da jirgin ƙasan da ya fara zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna a shekarar 2016, duk akwai hannun Sinawa a ciki. Mun san kayansu sarai, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san mutanen da suka kafa harsashin ƙasar da ke ƙera kayan.

Ƙasar da rubutaccen tarihinta ya haura shekara 3,000 ba a ƙare ƙirga gwarzayenta a zama guda. Saboda haka na zaɓi kaɗan daga cikinsu, kuma abin da ya haɗa su tambaya ce guda ɗaya: wane ne ya cancanci a danƙa masa al'amuran jama'a, kuma mene ne ya wajaba a kansa ranar da gaskiya ta saɓa wa son ran mai mulki? Wannan tambaya tamu ce mu ma, domin da yawa daga cikinmu ofisoshin gwamnati za mu nufa bayan mun kammala karatu, wasunmu ma sun riga sun fara zama a bayan tebur.

Na farkonsu shi ne wanda Turawa ke kira Konfushiyas, Sinawa kuwa suna ce masa Kungzi, watau Malam Kung. An haife shi a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa, a wata ƙaramar masarauta mai suna Lu, cikin lardin da yanzu ake kira Shandong. Ya tashi maraya, a zamanin da ƙasar ta rarrabu, kowane sarki yana yaƙar maƙwabcinsa. Ya fara aiki da kula da rumbunan hatsi da garkunan dabbobi, har ya kai ga babban muƙamin kula da shari'a. Da ya ga fadar Lu ba ta jin shawara, sai ya ajiye aiki, ya shiga yawo da almajiransa daga wannan masarauta zuwa waccan fiye da shekara goma, yana neman sarkin da zai yi aiki da koyarwarsa. Bai samu ba. Ya komo gida ya ci gaba da karantarwa har ya rasu a shekara ta 479 kafin Miladiyya.

A idon mutanen zamaninsa, malamin nan ya faɗi ba nauyi. Amma almajiransa sun tattara maganganunsa cikin littafin da ake kira Lunyu, kuma a ciki akwai ra'ayoyi biyu da suka rayu bayan duk sarakunan da suka ƙi saurarensa. Na ɗaya, cewa mulki yana tsayuwa ne a kan halin mai mulki, in shugaba ya gyaru na ƙasa za su gyaru. Na biyu, cewa girman mutum yana zuwa ne daga ilmi da tarbiyya, don haka ɗan talaka ma yana iya kaiwa gare shi. Shi da kansa ya karɓi ɗalibai ba tare da ya tambayi asalinsu ba. A ƙasar da sarauta da muƙami gado ne, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mutum na biyu kishiyar na farko ne ta kowace fuska. Shi ne sarkin masarautar Cin, wanda ya ci sauran masarautu shida da yaƙi, ya haɗa su ƙasa ɗaya a shekara ta 221 kafin Miladiyya, ya laƙaba wa kansa suna Cin Shi Huwang, watau Sarkin Sarakuna na Farko. Masana da yawa suna ganin daga sunan masarautarsa ne aka samo sunan da Larabawa da mu muke kiran ƙasar da shi, watau Sin. Da shawarar wazirinsa Li Si, ya ƙi raba ƙasa ga 'ya'yansa da dangi. Ya kasa ta lardi 36, ya naɗa wa kowane lardi gwamna daga fada, wanda ake biyansa albashi, ake kuma iya tuɓe shi ko a canza masa wuri. Ya daidaita rubutu, da kuɗi, da mudu da ma'aunin nauyi, har da faɗin tsakanin ƙafafun keken doki, don kowace amalanke ta iya bin sawun 'yar'uwarta a hanya. Albarkacin wannan rubutu na bai ɗaya ne ya sa har yau mutumin Beijin da mutumin Kanton, waɗanda maganar bakinsu ta sha bamban, suke iya karanta jarida guda.

Sai dai mulkinsa na bulala ne da takobi. A shekara ta 213 kafin Miladiyya ya ba da umurnin ƙona littattafan da ba su dace da ra'ayin fada ba. Ya kwashi dubban ɗaruruwan talakawa aikin tilas, wasu ginin ganuwar arewa, wasu ginin fada da kabarinsa. A kusa da wannan kabari ne wasu manoma masu haƙar rijiya suka ci karo da sojojin yumɓu a 1974, waɗanda aka ƙiyasta sun kai 8,000. Ya mutu a shekara ta 210, kuma shekara guda bayan haka wasu talakawa da aka ɗebo aikin tsaron iyaka, ruwan sama ya tsare su a hanya, suka ga hukuncin makara kisa ne, hukuncin tawaye ma kisa ne, sai suka zaɓi tawaye. Daular da ya yi burin ta dawwama ba ta wuce shekara 15 ba. Tsarin lardi da gunduma da ya kafa kuwa, shi ne ƙashin bayan mulkin ƙasar Sin har gobe.

Daular Han da ta biyo baya ta ɗauki tsarin Cin, ta cusa masa koyarwar Konfushiyas. A shekara ta 124 kafin Miladiyya Sarki Wu ya buɗe makarantar horar da ma'aikata a babban birni, da ɗalibai 50. A fadar wannan sarki ne mutum na uku ya yi aiki, watau Sima Ciyan, marubucin tarihin fada. A shekara ta 99 kafin Miladiyya wani sarkin yaƙi mai suna Li Ling ya miƙa wuya ga abokan gaba bayan kibiyoyin dakarunsa sun ƙare. Fadawa duka suka yi ta zaginsa don su faranta wa sarki rai. Sima Ciyan kaɗai ya tashi ya kare shi. Sarki ya fusata, aka yanke masa hukuncin kisa, kuma ba shi da dukiyar fansar kansa. Hanyar tsira ɗaya ta rage, ita ce ya yarda a dandaƙe shi, abin da mutum mai daraja a wancan zamani ya gwammace ya mutu da ya gani. Ya zaɓi wulaƙancin, saboda ya yi wa mahaifinsa alkawarin kammala littafin tarihin da ya fara. Littafin nan, mai suna Shiji, babi 130 ne, kuma bai tsaya ga sarakuna ba, ya kawo labarin 'yan kasuwa da likitoci da 'yan tawaye. A kan tsarinsa aka rubuta tarihin daulolin da suka biyo baya, kuma yawancin abin da duniya ta sani game da Sarkin Sarakuna na Farko daga alƙalaminsa ya fito.

Mulkin da ya dogara da rubutu yana bukatar abin rubutu mai araha. A da Sinawa suna rubutu ne a kan tsagin gora, mai nauyi, ko a kan siliki, mai tsada. A shekara ta 105 Miladiyya wani baban fada mai suna Tsai Lun ya gabatar wa sarki ingantacciyar hanyar yin takarda daga ɓawon itace, da zaren rama, da tsummoki, da tsohon tarun kamun kifi. Sana'ar ta isa Samarkand a ƙarni na 8, ta wuce Bagadaza, daga nan ta shiga Andalus da Italiya. Takardar da malaman Kano da Sakkwato da Tumbuktu suka rubuta littattafansu a kai, wadda fatake ke ƙetaro Sahara da ita, jikar wannan fasaha ce.

Da takarda ta yawaita, sai jarrabawa ta yiwu. Daular Sui ce ta fara ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa a wajen shekara ta 605. Sarauniya Wu Zetiyan, mace ɗaya tilo da ta hau gadon Sarkin Sarakuna da sunanta, daga 690 zuwa 705, ta faɗaɗa tsarin don ta rage ƙarfin tsofaffin gidajen sarauta. A zamanin daular Song aka ƙara wasu dabaru biyu da ya kamata mu lura da su: ana rufe sunan mai jarrabawa, sa'an nan a ba magatakarda ya kwafe amsarsa, don kada mai dubawa ya gane rubutun ɗan abokinsa. Ba a ce tsarin ba shi da aibi ba. An hana mata shiga, kuma ɗan mai hali ya fi samun sukunin shekarun karatu. Duk da haka ya rayu kusan shekara 1,300, sai a 1905 aka soke shi. Turawan da suka ziyarci ƙasar sun yi ta yaba shi a rubuce-rubucensu, kuma masana da dama suna ganin tasirinsa a kan Ingila, wadda ta fara ɗaukar ma'aikatan Indiya ta jarrabawa a 1855, nata na gida kuma a 1870. Aikin gwamnatin da muka gada daga hannun Ingilishi reshe ne na wannan gyara.

Amma ilmin da ya daskare shi ma yana da tasa illar, kuma labarin Jeng He ya nuna haka. Musulmi ne daga lardin Yunnan, wanda aka kama yana yaro aka mai da shi baban fada. Tsakanin 1405 da 1433 ya jagoranci tafiye-tafiyen teku guda bakwai, ta farko da mutum wajen 27,000. Jiragensa sun isa Indiya da bakin tekun Farisa da Mogadishu da Malindi, har aka kai wa sarkin Sin raƙumin dawa. Malaman fada, waɗanda suka ƙware a haddar tsofaffin littattafai, suna ganin tafiye-tafiyen ɓarnar dukiya ne, kuma bayan ta bakwai ba a sake ba. Shekara 65 bayan haka, a 1498, jiragen Fotugal suka iso Malindi, kuma Turawa suka mallaki tekun da Sinawa suka bari. Yau gwamnatin Sin tana yawan ambaton Jeng He idan tana tallata shirinta na gina hanyoyi da tashoshin jiragen ruwa a ƙasashen waje, wanda ta ƙaddamar a 2013.

Sakamakon wancan rufe ƙofa ya faɗo ne a kan wani ma'aikaci mai gaskiya, Lin Zeshu. Ɗan wani malami ne mai ƙaramin ƙarfi, kuma jarrabawa ce ta ɗaga shi. A zamaninsa 'yan kasuwar Ingila suna shigo da ofiyom daga Indiya, wani mugun abin sa maye da ya lalata jama'a, ya kuma kwashe azurfar ƙasa. A 1839 sarki ya tura shi Kanton. Ya ƙwace akwati fiye da 20,000, ya sa aka cuɗa shi da gishiri da farar ƙasa a cikin manyan ramuka, aka kora shi teku a Humen. Ingila ta amsa da jiragen yaƙi, Sin kuwa ba ta da irinsu. A yarjejeniyar Nanjin ta 1842 aka tilasta mata ba da tsibirin Hong Kong, wanda bai komo hannunta ba sai a 1997. Sarkin da ya aiki Lin shi ne ya ɗora masa laifi, ya kore shi zuwa can ƙuryar yamma. Yau sunansa ake koya wa yara a makaranta a matsayin gwarzo. Sinawa suna ƙirga zamanin da suke kira ƙarnin wulaƙanci daga wannan yaƙi, kuma wanda bai san wannan ciwo ba, ba zai fahimci zafin kansu a sha'anin ƙasashen waje ba.

Juyin juya halin 1911 ya kawo ƙarshen sarauta, aka naɗa likita Sun Yat-sen shugaban riƙo a ranar 1 ga Janairu, 1912. Abin sha'awa shi ne, wannan ɗan zamani da ya yi karatun Turawa ya nemi a mai da hukumar jarrabawa reshe mai zaman kansa na gwamnati, daidai da majalisa da kotu. A Taiwan wannan reshe yana nan har yanzu.

Sai Mao Zedong, wanda ya yi shelar kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a ranar 1 ga Oktoba, 1949. Ya sake haɗa ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, dokar aure ta 1950 ta haramta auren dole, kuma a zamaninsa karatu da kiwon lafiya suka shiga ƙauyuka. Amma a 1958 ya ƙaddamar da shirin da ya ce zai sa ƙasar ta yi babban tsalle, aka tara manoma a gandayen gayya, aka sa su narkar da ƙarfe a bayan gida suka bar gona. Ma'aikatan gunduma, don tsoro da neman suna, suka riƙa aika rahoton amfanin gona na ƙarya. Gwamnati ta karɓi kasonta bisa lissafin ƙarya, ya zamana babu abin da ya rage wa manomi. A taron Lushan na 1959 ministan tsaro Peng Dehuwai ya rubuta wa Mao wasiƙa yana faɗa masa halin da ake ciki. Aka tuɓe shi, kuma daga nan kowa ya kama bakinsa. Masana sun ƙiyasta mutanen da yunwar ta kashe tsakanin miliyan 15 zuwa miliyan 45. A juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 kuma aka dakatar da jarrabawar shiga jami'a, aka wulaƙanta malamai, matasa suka farfasa kaburburan zuriyar Konfushiyas a garinsa na Cufu.

Cikin waɗanda aka wulaƙanta har da Deng Shiyaoping, wanda aka tura wata masana'antar gyaran tarakta a lardin Jiyangshi. Da ya komo kan aiki a 1977, cikin abubuwan farko da ya yi akwai maido da jarrabawar shiga jami'a. Mutum wajen miliyan 5.7 suka zauna mata, aka ɗauki kimanin 270,000. Daga ƙarshen 1978 ya fara sakar wa manoma da 'yan kasuwa mara, a 1980 aka keɓe Shenzhen don gwajin sabon tsari, garin da a ƙidayar 2020 mutanensa suka haura miliyan 17. Hanyarsa ita ce a gwada abu a ƙaramin wuri, in ya yi kyau a yaɗa shi. A 2010 Sin ta zama ta biyu a ƙarfin tattalin arziki a duniya, kuma Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 ne suka fita daga ƙangin talauci cikin shekara 40. Amma shi wannan Deng ɗin ne ya amince aka tura soja kan ɗalibai da ma'aikata masu zanga-zanga a Beijin a watan Yuni na 1989, aka kashe jama'a da dama, kuma har yau ba a yarda a tattauna wannan a fili a can. Mu ɗalibai bai kamata mu ambaci alherinsa mu tsallake wannan ba.

Jama'a masu sauraro, gadon waɗannan mutane a fili yake. A 2024 ɗalibai fiye da miliyan 13 suka yi rajistar jarrabawar shiga jami'a a ƙasar Sin, kuma a ƙarshen shekarar fiye da mutum miliyan 3 suka nemi guraben aikin gwamnatin tsakiya da ba su kai 40,000 ba. Konfushiyas da aka la'anta a zamanin Mao, tun 2004 da sunansa ake buɗe cibiyoyin koyar da Sinanci a duniya, har da Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka. Wannan ya isa ya nuna mana cewa kowace gwamnati tana zaɓar mamatan da za su yi mata aiki, don haka wajibi ne mai karatu ya karanta tarihi da idonsa biyu a buɗe.

Darasi na biyu ya shafi ɗaukar ma'aikata. Kowa yana iya cewa a ba mai cancanta, amma abin da ya tsare cancanta a daular Song ƙaramar dabara ce ta rufe suna da kwafe amsa. Duk inda takardar wani babba ta fi sakamakon jarrabawa ƙarfi, muƙami ya koma gado ke nan, ko da an canza masa suna.

Na uku kuwa shi ne mafi nauyi. Ma'aikatan da suka ƙara sifiri a rahoton hatsi a 1958 ba su ɗauki makami ba, kuma mai yiwuwa kowannensu ya ɗauka ƙaryarsa ƙarama ce. Da aka tara ƙananan ƙaryayyakin nan, sai suka zama yunwa. Hausawa suna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma labarin Sima Ciyan da Lin Zeshu da Peng Dehuwai ya nuna cewa akwai sarkin da ke hukunta bafade nagari, kuma faɗin gaskiya yana da tsada. Ba zan ce muku tsadar nan ba komai ba ce. Abin da zan ce shi ne, wata rana za a ajiye wa ɗayanmu fayil, a ce ya sa hannu a kan rijiyar da ba a haƙa ba, ko ajin da ba a gina ba, ko sunan ma'aikacin da babu shi. Gara mutum ya yanke wa kansa shawara tun yana kan bencin jami'a, domin ranar wanka ba a ɓoye cibi.